Tambayar da Na Jefa a Kwanon Malam

Balsall Heath, Birmingham
Ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ummi, 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki Nura, da fatan haɗa kaya bai karya muku baya ba. Abbanku yana gaishe ku. Asma'u ce za ta kawo miki wannan takarda, na kuma ja mata kunne kada ta buɗe, ko da yake kin san ƙanwarki da son jin ƙwaƙwaf. Allah ya kai ku Manchester lafiya ranar Asabar, ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya sa albarka a sabon aikin da mijinki ya samu bayan wancan da aka rage su.

Na san za ki ce me ya hana ni faɗa da baki, tunda tsakanin gidana da flat ɗinku bai fi tafiyar minti goma ba. Na gwada. Sati bakwai ke nan kina kirana kowace Juma'a, ki ce ina kwana, yaya Abba, yaya ƙafa, kafin in haɗa kalma biyu kin ce sai an jima. Ba ki taɓa fashi ba, ba ki kuma taɓa wuce minti ɗaya ba. Wannan ladabin naki ya fi mini zagi ciwo, kuma na san ni na jawo. Tsorona shi ne ki tafi Manchester a haka, mu ƙarasa rayuwa a kan gaisuwar Juma'a. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ba labari zan ba ki ba, kurakuraina zan lissafa miki, ko za ki tsinci wani abu a ciki da zai amfane ki a can.

Shekara huɗu na yi a gidan Abbanku a Kano kafin in samu cikinki. Kakarki Hajiya, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Abin da take yi kawai, in na shiga gaishe ta da safe, idonta kan fara sauka a cikina kafin ya hau fuskata. Na sha kuka a bayan ɗaki saboda wannan kallo, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan taɓa yi wa 'yar kowa shi ba. To, 'yar kowa ban yi wa ba, tawa na yi wa. Tun shekara ta biyu da aurenki, duk shigowar da za ki yi gidan nan sai na ce, “Akwai labari?” Ke kuma ki ce, “Babu, Mama,” ki wuce kicin ki ɗora ruwan shayi. Duk zuwan da na yi gida sai na cika akwati da sassaƙe da garin magani, in wuce da su a filin jirgi ina salati a zuci, in zo in jera miki a firji. Har mijinki, bawan Allah, ya taɓa kurɓar wani jiƙo yana zaton ruwan tsamiya ne, ya wuni yana tofar da yawu, bai ce mini komai ba don kunya.

A Manchester ma akwai matan Hausawa, kuma kowacce tana da maganin da ya yi wa ƙanwar kishiyar babarta aiki. Za su kawo miki, yawancinsu da zuciya ɗaya. Ki karɓa, ki ce Allah ya saka, ki ajiye. Ba wadda ya zama dole ki yi wa bayanin cikinki. In wata ta ce miki akwai labari, ki ce mata ana ta ruwan sama, ki tambaye ta yara.

Ranar da kika faɗa mini abin da likita ya ce, wata Lahadi ce, muna gyaran alayyahu. An yi muku IVF, dashen nan na asibiti, sau ɗaya bai kama ba, aka sake gwaje-gwaje, sai likitan ya ce ƙwayayen haihuwarki sun ƙare da wuri, ga ki shekara talatin da biyu. Mahaifarki lafiya lau take, in ji shi. Hanyar da ta rage in kina son ki ɗauki ciki da kanki ita ce a samo ƙwan wata mace, a haɗa da na mijinki a asibiti, a dasa miki. Kika ce baƙaƙen mata masu bayarwa ba su da yawa a ƙasar nan, layin jira kuma dogo ne, sai dai in mutum ya kawo wadda ya sani. Ba mu san Asma'u na tsaye a bakin ƙofa ba, ta zo daga Selly Oak, inda take jami'a, da buhun wankinta kamar yadda ta saba. Sai kawai muka ji ta ce, “Yaya, I'll do it. Ki ɗauki nawa, ni me zan yi da su yanzu ina fama da uni?”

Kin tuna abin da na yi. Na tafa hannu na ce, “Alhamdulillahi, ai jini ɗaya ne!” Ban tsaya na dubi fuskarki ba, ban tambayi yarinyar ko ta san abin da take faɗa ba. Ke kuwa kika ajiye wuƙa kika ce, “Mama, maganar nan tsakaninmu ce. Ko Hajiyar Nura ba ta sani ba.” Na ce miki, “Haba, ni yarinya ce?”

Washegari murnar ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Ina kan sallayar asuba sai tambaya ta faɗo mini: shin abin nan ya halatta kuwa? Ɗan na wa ne a wajen Allah, naki ko na ƙanwarki? Kwana biyar ina juya ta. Abin da ya kamata shi ne in ɗauki waya in kira ki. Ban kira ba, don ina ganin nauyin da ke kanki ya isa, bari ni in nemo amsar in kawo miki a dafe. Ki lura da wannan, domin duk ɓarnar da na taɓa yi a rayuwata da niyyar taimako na yi ta.

Kin san karatunmu na Asabar. Da muna yi a babban zauren unguwa, mace na iya zama can baya ba wanda ya san ta zo. Da aka shiga rufe-rufen wuraren nan saboda tsuke bakin aljihu, aka rufe shi, muka koma ɗan ɗakin nan na saman shago a Aston, inda mu ashirin da 'yan kai muke zama gwiwa na gugar gwiwa. Kin kuma san al'adarmu: in Malam ya gama karatu, sai a zagaya da kwanon silba, mai tambayar da take jin kunyar yi da baki ta rubuta a 'yar takarda ta naɗe ta jefa, ba suna. Shekara da shekaru muna haka, ana tambayar jini da wanka da rikicin gado, kowa na yi kamar bai san mai tambaya ba. Ni har ga Allah na yarda kwanon nan yana rufa asiri.

Sai halin malaman makaranta ya tashi mini. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa 'yan firamare cewa tambaya ba ta cika sai an kawo duk bayananta. Na rubuta: wata baiwar Allah ce, shekararta bakwai da aure, likitoci sun ce ƙwanta ya ƙare, mijinta lafiyarsa lau, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaliba, ba ta yi aure ba, ta ce za ta ba ta nata, mene ne hukunci? Na karanta har sau biyu ina jin daɗin yadda ban bar komai ba. Ummi, a duk Hausawan Birmingham mace nawa ce ke da shekara bakwai da aure ba haihuwa, da ƙanwa ɗaya a jami'a? Da na sa sunanki da lambar gidanku ma da bai fi haka fitowa fili ba.

Kuma ban san za ki tsaya ba. Cewa kika yi za ki sauke ni ki wuce kasuwa. Ashe Hajiya Turai, shugabarmu, ta tare ki kafin ki ja mota ta ce ki taya ta da shayi tunda mai yi ba ta zo ba. Na riga na jefa takardar sannan na hango ki kin fito daga ɗan kicin ɗin da faranti a hannu. Na bi kwanon da ido yana tafiya hannu zuwa hannu. Da na miƙe na ce a ba ni takardata, da shi ke nan, sai dai a yi mini dariya. Na kasa tashi. Kunyar mata ashirin ta fi mini ƙarfi a wannan minti, kuma wannan shi ne abin da na fi kasa yafe wa kaina.

Malam ya warware ta, ya karanta a fili kamar yadda yake karanta kowacce. Bai san ku ba sosai, shi kaɗai ne a ɗakin bai gane ba. Ya ce in ƙwan matar ne da na mijinta aka haɗa, malamai sun yi sauƙi a kai. Amma shigo da ƙwan wata, mafi yawan malaman da ya sani ba su halatta ba saboda cakuɗuwar nasaba, kuma kasancewar 'yar'uwa ce bai warware matsalar ba. Ya ƙara da cewa, “Allah ya sanyaya zuciyar wannan baiwa tasa, jarrabawarta babba ce. A gaya mata ta zo da mijinta mu zauna, irin wannan ba a gama ta a takarda.” Aka ce amin. Ba wadda ta juyo ta dube ki. Duk suka zuba wa kafet ido, har Hajiya Turai da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. A nan na san kowa ya gane.

Ke kuwa kika ci gaba da zuba shayi. Kika bi kowa da kofinsa, kika tambayi mai son suga da marar so, har ni kika miƙo wa. Kika wanke kofunan, kika goge, kika jira ni a mota. Tun daga Aston har ƙofar gidan nan tuƙinki kawai kike yi, ni kuma ina ta surutun cunkoson hanya kamar wata sakarai. Sai da kika tsaya kika ce, idonki na kan sitiyari, “Mama, da kin tambaye ni, da na gaya miki mun riga mun tambaya. Tun watan jiya. Mun san amsar.”

Ashe kun je ke da mijinki wajen wani malami, kun ji irin wannan amsa, kuna ɗauke da ita ku biyu kuna juyawa, kuna istihara. Ranar alayyahu ba shawara kika zo nema ba. Kin zo ne ki faɗa wa uwarki abin da ke cin ki, ni kuma na mayar da shi aikin da zan gudanar.

Ga abin da na koya, ki riƙe. Sirrin wani ba ya zama naka don an faɗa maka, ajiya ce. Kuma a ƙasar nan mu kaɗan ne. Kalmar “wata baiwar Allah” a Kano tana rufe mutum, a nan ba ta rufe kowa. In kina da tambayar addini ko ta asibiti a can, ki je da ƙafarki, ke da mijinki, a rufe ƙofa. Kada ki aiki kowa, ko ni.

Kwana biyu kacal maganar ta yi ta isa Kano. Ban san wadda ta kai ba, ba na kuma neman sani, ni na ɗora ta a hanya. Sai a lokacin Abbanku ya gaya mini abin da mijinki ya daɗe yana yi. Shekara da shekaru duk wanda ya tambaye shi a danginsu sai ya ce likitoci sun ce matsalar ta su biyun ce. Ya raba laifin da ba laifi ba ne gida biyu, ya ɗauki rabi, don kada a nuna ki da yatsa. Ni na rushe masa wannan da layi shida. Hajiyarsa ta kira ni tana kuka. Ba ta faɗi wata mummunar kalma a kanki ba, wallahi. Cewa take, “Ɗana ya ɓoye mini, sai a bakin duniya zan ji?” Na ba ta haƙuri har muryata ta dushe. Mijinki kuwa ya zo ranar Lahadin da ta biyo baya ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya gyara mana famfon banɗaki, ya tafi. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Ki riƙe mutumin nan da kyau. Amma kada ki riƙe shi da godiya kaɗai, kamar wadda aka yi wa alfarma aka bar ta a gida. Shi ma yana da nasa ciwon, ya ɓoye ne don kada ya ƙara miki. Wata rana in kun zauna, ki tambaye shi, ki yi shiru har ya gama. Ni na yi shekara talatin da biyar da Abbanku kafin in gane shirun namiji ba ya nufin ba ya jin zafi.

Maganar Asma'u. Bayan abin da ya faru na huce haushina a kanta, na ce ita ta fara da shegen bakinta. Ta dube ni ta ce, “Mama, that's not fair, ni ban rubuta wa kowa takarda ba.” Gaskiya ta faɗa, na kuma ba ta haƙuri. Abin da ta yi tayi don ƙauna ta yi, amma shekararta ashirin da biyu. Ba ta san allurai da gwaje-gwajen da ke ciki ba, ba ta yi tunanin ranar da za ta yi nata auren ba, ko ranar Sallar da za ta zauna tana kallon yaro mai irin hancinta yana ce mata Anti. Ko me kuka yanke, ki zaunar da ita ki sake ta. Ki gaya mata in ta janye ba ta ci amanarki ba, in kun ce a'a ba ku raina kyautarta ba. Yanzu haka tana ganin kamar ita ta raba mu, har ta rame.

Na san kina son jin inda na tsaya, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Zuciyata ta tafi ga abin da malamai suka faɗa, ina kuma jin tsoron abin. Da ni ce, ina jin da zan haƙura, ko in nemi riƙon wani yaro da ke buƙatar gida, suna nan da yawa a ƙasar nan da can gida. Amma “da ni ce” magana ce mai arha a bakin wadda ta haifi biyu. Ku ne za ku tsaya gaban Allah da wannan, ba ni ba, ba matan Asabar ba. Ku ƙara tambayar masu ilimi, ku tambayi likita duk abin da ya shige muku duhu, har dokar nan da aka ce tana bai wa yaro damar sanin wadda ta ba da ƙwan in ya girma. Kada ku yanke don ku huce haushina, kada kuma ku yanke don ku faranta wa Kano. Abu ɗaya nake roƙo: in har yaro ya zo ta kowace hanya, kada ku gina masa rayuwa a kan ɓoyo. Kin ga yadda ɓoyo ke ƙarewa a cikinmu.

Abbanku ya tambaye ni, in kuka bi hanyar da nake tsoro, jariri ya zo, me zan yi? Na ce masa zan hau jirgin ƙasa in je in yi masa wanka, in dama miki kunun kanwa. In kuma kuka zauna ku biyu har tsufa, zan zo in ci tuwonki in yi miki ƙorafin gishiri. Ba jika na haifa ba, ke na haifa.

Saura ɗaya, shi ne wanda na fi jin kunyar rubutawa. Sanyin bara, kin zo gidan nan muna zaune a falo, kika tashi kika buɗe taga. Na ce ki rufe, ana ƙona heating a banza. Kika rufe, kika ɗauki takardar talla kina fifita, gumi na bin wuyanki. Na ce wai ke wace irin mutum ce, dusar ƙanƙara a waje kina fifita? A daidai wannan lokaci ni ma zafin nan ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, irin wanda ke zuwa wa mace in al'adarta ta zo ɗaukewa. Shekara uku ina fama da shi, da rashin barci, da kukan da ba dalili. Na san shi sarai. Ina zaune kusa da 'yata tana fama da abin da nake fama da shi, shekara ashirin kafin lokacinta, ban gane ba, don ni cikinki nake kallo. Sai makon jiya ina wanke-wanke abin ya faɗo mini, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har Abbanku ya tsorata.

Shekara shida ina tambayarki labari, ban taɓa ce miki yaya jikinki ba. Hukuncin ƙwai ban san shi ba, na nuna hakan a gaban jama'a. Amma wannan zafin na san shi. Na san irin rigar da ake sawa, na san abin da ake ce wa GP, likitan unguwa, don ya saurara, na san yadda mace ke ji in jikinta ya rufe wata ƙofa bai yi shawara da ita ba. Ban cancanci ki sake ba ni sirri ba, ba kuma shi nake nema ba. Ki yafe mini, Ummi. In Juma'a ta zo kin kira, ki bar ni in yi miki wannan tambaya guda ɗaya kafin ki ajiye. Ko kin ce lafiya lau kawai, zan karɓa, in jira wata Juma'ar.

Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a inda za ku sauka. Allah ya ba ki lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ya sa ku gane shi in ya zo. Allah ya yi miki albarka, ya yi wa mijinki albarka. Ki gaishe shi, ki ce na gode.

Wassalamu alaikum.

Mamanki